Secret Superstar: Fim ɗin Indiya kan waƙa, ikon maigida da sadaukarwar uwa

Secret Superstar fim ne na harshen Hindi da aka saki a watan Oktoban 2017. Advait Chandan ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni, Aamir Khan da Kiran Rao suka ɗauki nauyinsa, Amit Trivedi ya tsara kiɗan. Ma'anar sunan ita ce tauraruwar da ke ɓoye.

Labarin

Insia (Zaira Wasim) 'yar makaranta ce Musulma a birnin Vadodara na jihar Gujarat, wadda ke burin zama mawaƙiya. Mahaifinta Farookh (Raj Arjun) mutum ne mai zafin hannu. Yana dukan matarsa Najma (Meher Vij), yana kuma ɗaukar waƙa a matsayin shashanci. Najma ta sayar da sarƙar wuyanta ta saya wa 'yarta kwamfuta, ta kuma ba ta shawarar sa niƙabi idan za ta ɗora waƙoƙinta a YouTube, don kada mahaifin ya gane ta. Muryar ta yi tashe, har wani mawaƙi da tauraronsa ya dusashe, Shakti Kumar (Aamir Khan), ya gayyace ta Mumbai.

Insia ta nemo wa mahaifiyarta takardun rabuwa daga wata lauya, Najma ta ƙi sa hannu, 'yar kuma ta ɗauki hakan a matsayin tsoro. Daga baya dattijuwar gidan ta bayyana mata cewa lokacin da aka gano cikinta na mace ne, Farookh ya so a zubar da shi, Najma ta gudu ta haife ta. A filin jirgi, kan hanyarsu ta komawa Riyad inda ake shirin aurar da Insia, mahaifin ya ce a yar da jitarta saboda kuɗin kaya. A nan haƙurin Najma ya ƙare: ta sa hannu, ta kama 'ya'yanta ta juya.

Jigo

Waƙa ita ce ta ja masu kallo, amma ƙashin bayan labarin shi ne uwar. Fim ɗin ya nuna cewa shirun Najma dabara ce ta kare 'ya'yanta a gidan da ba ta da kuɗi ko ta cewa. Shi ya sa a ƙarshe, a dandalin ba da kyauta, Insia ta cire niƙabi ta ce mahaifiyarta ce ainihin tauraruwar ɓoye. Batun zubar da cikin mace kuwa matsala ce ta gaske a Indiya, wadda ta sa ƙasar ta kafa doka a 1994 da ta haramta binciken jinsin ɗan tayi don wannan manufa.

Karɓuwa

An kashe kuɗi kaɗan wajen shirya shi, amma bayan sakinsa a China a Janairun 2018 ya samar da fiye da dala miliyan 100 a can kaɗai. Zaira Wasim da Meher Vij sun lashe kyautar Filmfare, haka ma Meghna Mishra wadda muryarta ce ake ji a waƙoƙin Insia. A Yunin 2019 Zaira ta sanar da barin harkar fim, tana mai cewa sana'ar na shiga tsakaninta da addininta.

Alaƙarsa da ƙasar Hausa

Tun zamanin Mother India na 1957 Hausawa suka shaƙu da fina-finan Indiya. Daga sinimomin Kano da Zariya, yanzu kallon ya koma wayoyin hannu har a garuruwa irin su Makarfi da Nasarawan Doya. Tambayar da fim ɗin ya ɗauko ma ba baƙuwa ba ce a nan: a ina aka yarda a ji muryar mace? Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da kiɗan amada wanda asalinsa na mata ne a cikin gida. A Oktoban 2016 kuma ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ.

Ga magidanci Bahaushe, wurin da fim ɗin ya fi taɓawa shi ne kalmar haƙuri, wadda ake yi wa kowace amarya guzuri da ita. Labarin Najma na nuna cewa haƙurin yana da iyaka, kuma 'ya'yan da ke kallo daga bakin ƙofa suna riƙe da lissafin duk abin da ake yi wa uwarsu.