Daga lanho zuwa jikka goma: haraji da kwanon yaro a Nijar

Duk lokacin da gwamnati ta ce za ta sake duba haraji da tallafin talakawa, mu a gidan rediyo kira ɗaya muke samu daga iyaye mata: "To, tiyar hatsi za ta sauko?" Waiwaye adon tafiya, bari mu duba baya.

Zamanin Nasara, lanho bisa kai ake biyansa, ko damina ta yi ko ba ta yi ba. A 1931 fara ta cinye gonaki a yammacin ƙasa, yunwa ta kashe dubban mutane, amma ba a bar karɓar lanho ba. Magidanci ya saida ɗan abin da ya rage a rumbu ya biya, yara su kwana da ruwa.

Bayan fari na 1973, Seyni Kountché ya amshi mulki a Afrilun 1974. Da kuɗin uranium suka shigo, aka sauke jangali, aka sassauta lanho. Tsofaffinmu har yau suna tuna wannan numfashin.

Sai 2005, lokacin Tandja Mamadou. Gwamnati ta aza TVA kashi 19 bisa madara, sukari, garin alkama, ruwa da wuta. A watan Maris ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka fito a Yamai, kasuwanni suka rufe har Maraɗi da Damagaram da Tawa. A Afrilu aka janye mafi yawan ƙarin. Amma a wannan shekarar dai, mu da muke yara mun ga uwaye goye da 'ya'ya masu tamowa sun yi layi a cibiyoyin Maraɗi.

A 2006 aka ce kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likita. Uwaye suka yi ta zuwa. Sai dai kuɗin da gwamnati za ta maida wa likitocin ya riƙa makara, magani ya yanke, uwa ta koma gida da takarda a hannu. Daga 2011 kuma, da tallafin Bankin Duniya, aka fara ba wasu gidaje masu rauni jikka goma a wata, shekara biyu, kuma a hannun mace ake damƙawa.

Jama'a, kun ga abin: yaro ba ya biyan haraji, amma daga kwanonsa ake cirewa. In an ba uwa jikka goma da dama, aka karɓe da hagu wurin sukari da sabulu, me aka yi?

Saboda haka in an kawo sabon kasafi, mu tambayi abu biyu: me aka aza wa haraji, kuma kuɗin maganin yara ya iso likitar garinmu? Ku faɗa mana yadda abin yake a unguwarku. Allah Ya raya mana zuri'a.