Ƙasar Ningi: Duwatsunta, Tarihinta da Jama'arta

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da ƙasar Ningi a wannan maƙala shi ne yankin da ya ƙunshi ƙananan hukumomin Ningi da Warji, a arewa maso yammacin Jihar Bauci. Sunan Ningi sananne ne ga duk mai nazarin tarihin Kano na ƙarni na goma sha tara, sai dai galibi ana ambatonta ne a matsayin maɓoyar 'yan tawaye. Manufar maƙalar ita ce ta dubi ƙasar ta fuskar mazaunanta, ta kuma nuna yadda yankin da ya gagari dawakin Kano da na Bauci fiye da shekara hamsin ya wayi gari harshen Hausa ya mamaye shi ba tare da an zare takobi ba.

2.0 Yanayin Ƙasa

Ningi ta yi iyaka da Jihar Kano ta yamma, da Jihar Jigawa ta arewa. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Birnin Kudu ita ce ta ratsa garin Ningi ta nufi Bauci. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai da kurmi, kuma a cikinta ne wani ɓangare na gandun dajin Lame-Burra yake. Kogin Bunga, wanda ke gangarawa ya zama kogin Jama'are, shi ne babban ruwan yankin. Noman gero da dawa da gyaɗa da wake shi ne sana'ar akasarin jama'a, sai kiwo a hannun Fulani.

Wannan yanayi shi ne mabuɗin tarihin ƙasar. Ƙarfin masarautun daular Sakkwato a fagen fama ya dogara ne ga doki, shi kuwa doki a sarari yake da amfani. Idan ya shiga tsakanin duwatsu sai ya zama kaya, maharbi guda a bayan fa ya isa ya tare runduna.

3.0 Malaman Tsakuwa da Mutanen Dutse

Tun kafin jihadi, Butawa da Warjawa da Fa'awa da Sirawa suke zaune a kan waɗannan duwatsu, kowace al'umma da tsafinta da dattawanta, ba su da sarki guda da ya haɗa su. A wajejen 1846, farkon zamanin Sarkin Kano Usman, wani malami mai suna Hamza ya taso daga Tsakuwa tare da almajiransa da wasu malamai 'yan'uwansa, saboda sun ƙi amincewa da kuɗin ƙasa da aka ɗora wa malamai. A ganinsu wannan haraji ba shi da tushe a shari'ar da aka yi jihadi dominta. Suka nausa kudu maso gabas har suka sami mafaka a wurin mutanen dutse.

Abin lura a nan shi ne irin ƙawancen da aka ƙulla. Malamai Musulmi ne suka jagoranci jama'ar da akasarinta ba Musulmi ba ce, don yaƙar masarautun Musulunci. Abin da ya haɗa su maslaha ce: mutanen dutse suna gudun hare-haren bayi da biyan jizya, malamai kuma suna neman wurin da hannun Kano ba zai kai ba. Labaran baka sun yawaita ambaton asiran Malam Hamza, kuma ko mene ne gaskiyarsu, sun taimaka wajen sa jama'a su yarda da shi. Adell Patton, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Ningi a 1975, ya dogara ƙwarai ga irin waɗannan labarai, domin rubutattun bayanan da ake da su daga ɓangaren abokan gaba suka fito.

A zamanin Abubakar Ɗanmaje da Haruna Ƙarami, Ningawa suka tashi daga kare kai suka koma kai hari. Garuruwan kudancin Kano sun ɗanɗana kuɗarsu, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya ɓatar da shekaru masu yawa na mulkinsa yana fama da su. Bai kamata a ɓoye cewa Ningawa su ma sun kama bayi sun sayar ba. Wanda ya gudo daga zalunci bai tsira daga aikata shi ba. Turawan mulkin mallaka ne suka karya ƙarfin Ningi a 1902, shekarar da Sarki Usman Ɗanyaya ya rasa ransa.

4.0 Jama'a da Harsunansu

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ningi mutum fiye da 380,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 4,600, Warji kuma kimanin 115,000 a murabba'in kilomita 625. Wato cunkoson jama'a a Warji ya ninka na Ningi fiye da sau biyu, kuma dazuzzukan yammacin Ningi suna daga cikin dalilan wannan bambanci. Amma ƙidayar 1991 da ta 2006 duk ba su tambayi ƙabila ko addini ba, don haka alƙaluman ba su faɗi kome game da abin da ya fi damun mai nazarin harshe ba, wato mutum nawa ne suke magana da wane harshe.

Warjanci da Fa'anci da Siranci da Diranci 'yan gidan Cadi ne, dangin Hausa na nesa, kuma Neil Skinner ya yi nazarin tushen kalmominsu a 1977 ƙarƙashin rukunin Arewacin Bauci. Butanci kuwa, wanda masana ke kira Gamo-Ningi, daga wani gida dabam ya fito, domin yana cikin harsunan Kainji na reshen Binuwai-Kwango. A yau ana lissafa shi cikin harsunan da suka mutu. Butawa suna nan da sunansu, amma Hausa suke yi.

Ana yawan ɗora alhakin wannan a kan mulkin mallaka, musamman saukar da mutane daga duwatsu zuwa sarari, da kasuwa da hanyar mota da makaranta. Duk wannan gaskiya ne, amma bai bayyana dalilin da ya sa Butanci ya riga Warjanci faɗuwa ba. Amsar tana cikin tarihin da aka kawo a sama. A tsakiyar Butawa malaman Tsakuwa suka kafa fadarsu, da su suka fara auratayya, kuma Hausa ce harshen da rundunar da ta haɗa ƙabilu huɗu ko biyar take fahimtar juna da shi. Warjawa, waɗanda suke nesa da fadar kuma suke da yawa a dunƙule wuri guda, sun riƙe harshensu har yanzu, ko da yake yaran da suka tashi a garuruwan bakin hanya sun fi sakewa da Hausa.