Yadda Littafin Waƙoƙi Ya Zama Malami a Ikilisiyar Baftis

A shekarar 1664 aka sa wani matashin tela mai wa'azi, Benjamin Keach, a turu a kasuwar garin Aylesbury na ƙasar Ingila. Laifinsa kawai ya rubuta wa yara ɗan littafin koyon karatu, ya sa koyarwar Baftis a ciki, har da cewa ba a yi wa jariri baftisma. An sake ɗaure shi a Winslow, aka ƙone littafin a kan idonsa. Abin bai karya masa gwiwa ba. Tambayar da ta ci gaba da cin ransa ita ce: ta wace hanya koyarwa za ta zauna a zuciyar wanda bai iya karatu ba?

Amsar da ya samu ita ce waƙa. Amma a zamanin, yawancin 'yan Baftis ba sa waƙa tare a sujada. A ganinsu, kalmomin da ɗan Adam ya tsara ba su dace da gaban Allah ba, kuma bai kamata mai bi da marar bi su haɗa murya ba. Keach ya bi abin a sannu. Wajen 1673 ya shawo kan ikilisiyarsa ta Horsleydown a Landan ta riƙa yin waƙa ɗaya bayan Jibin Ubangiji, da hujjar cewa Yesu da almajiransa sun yi haka. Sai a 1691 aka yarda a riƙa waƙa kowace Lahadi, ita ma a ƙarshen sujada, don wanda bai yarda ba ya fita kafin a ɗaga murya. Duk da wannan lallashi, wani attajiri mai suna Isaac Marlow ya yi ta rubuce-rubucen suka, wasu membobi kuma suka ɓalle suka kafa tasu ikilisiyar a Maze Pond.

A shekarar 1691 ɗin Keach ya buga waƙoƙinsa kusan 300. A gaskiya ba gwanin baiti ba ne, yau da wuya ka ji ana rera nasa. Ƙofar da ya buɗe ce ta ɗore.

Benjamin Beddome, wanda ya yi fiye da shekara 50 yana fasto a ƙauyen Bourton-on-the-Water, shi ya nuna yadda aikin yake tafiya. Yakan tsara waƙa a kan ayar da zai yi wa'azi da ita ranar Lahadi da safe. Da an gama wa'azi sai a karanta layi, jama'a su rera, a karanta na gaba, su amsa. Manomin da ya manta rabin wa'azin kafin ya kai gida, waƙar tana bakinsa har gona. Bayan rasuwar Beddome aka tattara 830 daga cikinsu aka buga a 1817. Anne Steele kuwa, 'yar wani fasto a Broughton, ta fitar da nata a 1760, masu ratsa zuciya a kan wahala da dogara ga Allah.

Wanda ya ɗinke aikin shi ne John Rippon, faston ikilisiyar nan ta Keach. A 1787 ya fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙi 588, ya jera su babi-babi kamar littafin koyarwa: Allah, halitta, faɗuwar mutum, Almasihu, Ruhu Mai Tsarki, ikilisiya, baftisma, Jibin Ubangiji, mutuwa, tashin matattu da ranar shari'a. Nan hikimar take. Uban da bai taɓa shiga makarantar tauhidi ba, in ya tara iyalinsa da dare ya bi littafin daga fari zuwa ƙarshe, ya ratsa da 'ya'yansa ta dukan ginshiƙan bangaskiyarsu. Babin baftisma ya cike giɓi na musamman, domin Isaac Watts, wanda kowa ke rera waƙoƙinsa, ba ɗan Baftis ba ne.

Littafin ya ƙetare teku, aka sake buga shi a Amurka. A gida kuma ikilisiyar ta ci gaba da amfani da shi tare da na Watts har zamanin Charles Spurgeon, wanda ya zama fastonta a 1854, ya kuma tsara mata sabon littafin waƙoƙi a 1866.