Yadda Ake Cire Tsohon Fenti Da Banish Daga Ƙofa Da Kujerun Katako

A tsofaffin unguwannin Jos irin su Gangare, har yau akwai ƙofofin madaci da loko na zamanin haƙar kuza, sun sha fenti sau biyar ko shida. Tamu ma haka take. Kafin na taɓa ta sai da na je Kasuwar Katako na tambayi kafintoci, amma duk da haka na yi ɓarna. Ga abin da ya kamata mutum ya sani.

Da farko ka gane me aka shafa. Jiƙa auduga da sifirit ka goga a wani lungu. In ya narke ya yi danƙo, tsohon folish ne, sifirit ɗin kawai zai wanke shi. In bai motsa ba, gwada tina. In ita ma ta kasa, to fentin mai ne ko banish na zamani, sai maganin cire fenti na gwangwani.

Shi maganin ana lafta shi da kauri, a jira fentin ya kumbura, a kankare da ƙarfe mai faɗi ana bin tsawon katakon. A Jos lokacin hunturu yakan bushe kafin ya ci, shi ya sa ake rufe shi da leda. Ku da ke Agege ko Sabo ta Ibadan matsalarku daban ce: iska na da laima, katako ba ya saurin bushewa. Ku ba shi kwana biyu ko uku kafin sabon shafi, in ba haka ba zai ɓamɓare. Kuma a yi aikin a tsakar gida, ba cikin ɗaki ba. Wasu magungunan na da sinadarin methylene chloride, wanda tururinsa ya kashe mutane har Amurka ta hana sayar da shi ga masu aikin gida a 2019.

Kuskurena shi ne soda, irin wadda ake sabulu da ita. Tana da arha, tana ci kamar wuta, amma ta mayar mini da gefen ƙofar madaci baƙi, ta kuma saki gam ɗin mahaɗa. Baba dai kallona kawai ya yi. Wanda ya nace sai ita, ya sa safar roba da tabarau, ya ɗauraye da ruwa da binega.

Abin da ya fi damuna shi ne dalma. Tsohon fenti, musamman fari da ja, sau da yawa da ita aka haɗa shi. Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978, mu kuwa an ci gaba da sayarwa shekaru da yawa bayan nan. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga haƙar zinari ne. Ƙurarta na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta gyaruwa. Don haka kada a ƙone tsohon fenti da wuta, kada a goge shi a bushe. A jiƙa sanfefa, a shimfiɗa leda a ƙasa, a fitar da yara da masu juna biyu, a ɗaure dattin a kai bola.

Sai katako ya fito ya bushe sannan a bi shi da sanfefa lamba 120, a gama da 180.