Sule Goma na Solomon Linda: Sayarwa da Haya a Kasuwar Nishaɗi

A shekarar 1939, wani mawaƙi Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo da ke Johannesburg, a Afirka ta Kudu, shi da 'yan amshinsa da ake kira Evening Birds. Waƙar da suka zo da ita ba ta da baitoci masu yawa. Manyan muryoyi ne ke ta maimaita amshi ɗaya daga ƙasa, shi kuma Linda yana shawagi a samansu da siririyar murya. Daf da ƙarshen ɗaukar ya rero wani ɗan gajeren kari da ya zo masa nan take, aka yanka shi a faifai. Sunan waƙar Mbube, wato zaki da harshen Zulu. Cikin shekara goma an sayar da faifai kusan 100,000. Abin da Linda ya karɓa a kan miƙa wa kamfanin haƙƙin waƙar sule goma ne, kuma a wannan kamfani ya yi shekaru yana aikin ƙarfi, yana ɗaure kaya.

Faifan ya ƙetare teku ya isa Amurka. Pete Seeger da ƙungiyarsa ta Weavers suka rera waƙar a farkon shekarun 1950 da sunan Wimoweh, aka ɗauke ta a matsayin waƙar gargajiya marar mai ita. A 1961 George David Weiss ya sa mata kalmomin Turanci, ƙungiyar Tokens ta fitar da ita da sunan The Lion Sleeps Tonight, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. A 1994 kamfanin Disney ya sa ta cikin fim ɗin The Lion King. Ɗan jarida Rian Malan, a binciken da ya buga a mujallar Rolling Stone a 2000, ya ƙiyasta cewa waƙar ta tara kimanin dala miliyan 15. Linda kuwa ya rasu tun 1962 cikin talauci, kuma sai bayan shekara 18 iyalinsa suka iya kafa alama a kabarinsa.

Duk inda aka zauna zancen haƙƙin mallaka a harkar fim da waƙa, masu satar fasaha ake fara ambata, kuma ɓarnarsu ba a ɓoye take ba. Sai dai labarin Linda yana nuna wata ƙofar asarar da ta fi wannan faɗi. Disney ya nemi izini, ya karɓi lasisi, ya biya. Gidajen rediyon da suka yi ta sa waƙar su ma sun biya. Kuɗin sun tafi inda takarda ta nuna, takardar kuwa ba ta ɗauke da sunan wanda ya ƙirƙiro karin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hujjar wannan maƙala ita ce makomar mai fasaha tana yankewa ne a ranar da ya zaɓi tsakanin sayar da aikinsa da bayar da hayarsa, kuma wannan zaɓi ya fi kowane samame a kasuwa tasiri a kan abin da zai ci da abin da zai bar wa magadansa.

Abin da doka ke ba mai fasaha

Manomi bai buƙatar lauya ya bayyana masa bambancin sayar da gona da bayar da ita haya, ko aro, ko jingina. Wanda ya sayar ya rabu da ita ke nan, ko da gobe an gano zinari a ciki. Wanda ya ba da haya yana karɓar rabonsa kowace damina, in wa'adi ya cika gonar ta dawo hannunsa. Haƙƙin mallakar fasaha a kan wannan tsari yake tafiya. Miƙa haƙƙi sayarwa ce, lasisi kuwa haya ne.

Abin da ya sa gonar fasaha ta fi ta noma albarka shi ne ana iya ba mutane da yawa hayarta a lokaci guda. Fim ɗaya yana da haƙƙin nunawa a silima, da na gidan talabijin, da na intanet, da na fassara zuwa wani harshe, da na sake shirya labarin a wata ƙasa. Fim ɗin Indiya mai suna Drishyam, wanda ya fito da harshen Malayalam a 2013, an sake yin sa da Hindi da Tamil da Telugu, har 'yan China suka sayi izini suka yi nasu a 2019. Kowane ɗaya ciniki ne mai zaman kansa. George Lucas ya fahimci haka tun kafin Star Wars ya fito a 1977, ya riƙe haƙƙin ci gaban labarin da rabonsa a kayan wasa da tufafin da ke ɗauke da hotunan fim ɗin. A 2012 ya sayar da kamfaninsa ga Disney a kan dala biliyan huɗu da ɗoriya. Jerry Siegel da Joe Shuster kuwa, waɗanda suka ƙirƙiro Superman, sun sallama shi ɗungurungum a 1938 a kan dala 130, suka shafe shekaru masu yawa suna neman haƙƙinsu.

Waƙa ita ma haƙƙi biyu gare ta. Akwai na baitoci da kari, wanda ke hannun wanda ya tsara su. Akwai kuma na muryar da aka ɗauka, wato uwar faifai da 'yan sana'ar ke kira masta, wanda galibi ke hannun wanda ya biya kuɗin ɗauka. Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Big Machine tana 'yar shekara 15. A 2019 aka sayar da kamfanin a kan kimanin dala miliyan 300, mastocin kundayenta shida na farko suka koma hannun wanda ba ta so. Abin da ya cece ta shi ne ita ta rubuta waƙoƙin, don haka ta koma sutudiyo ta sake rera huɗu daga cikin kundayen, masoyanta suka bi sababbin. A 2025 ta sayi tsofaffin mastocin da kuɗinta. Idan mai irin wannan suna da dukiya ta sha wannan faɗi-tashi kafin ta mallaki muryarta, to, ƙaramin mawaƙi ya san abin da ke gabansa.

Yadda haƙƙin Mbube ya dawo gida

'Ya'yan Linda mata sun sami mafita ne daga wani sashe na tsohuwar dokar Birtaniya ta 1911, wadda ta yi aiki a ƙasashen da ke ƙarƙashin daular. Dokar ta ce idan mai fasaha ya miƙa haƙƙinsa yana raye, shekara 25 bayan rasuwarsa haƙƙin zai koma ga magadansa. Linda ya rasu a 1962, ke nan tun 1987 haƙƙin Mbube ya koma gidansa ba tare da an sani ba. Lauya Owen Dean ya shigar da ƙara da wannan hujja a 2004, kotu ta ba da damar riƙe alamun kasuwancin Disney da ke rajista a Afirka ta Kudu har a gama shari'a. A Fabrairun 2006 kamfanin Abilene Music, wanda ya ba Disney lasisin, ya amince da sulhu. Aka biya magadan kuɗin da ba a bayyana yawansu ba, aka ba su kaso a abin da zai shigo, aka kuma rubuta sunan Linda cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Masu tsara wannan sashe sun gane cewa mai fasaha yakan yi ciniki ne a lokacin da ya fi kowa rauni, bai san darajar abin da ke hannunsa ba, ga kuma buƙata ta yau. Dokar Amurka ta 1976 ta bi wannan tunani, ta ba marubuci ko mawaƙi damar soke miƙa haƙƙi bayan shekara 35. Nijeriya ma ta yi zama ƙarƙashin waccan doka ta 1911 har zuwa 1970, lokacin da ta yi tata.

Daga Ƙofar Wambai zuwa YouTube

Masana'antar fina-finan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, ta tashi ne a kan cinikin hannu da hannu. A zamanin kaset furodusa kan buga kwalin fim ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano, su kuma su kwafi kaset su sa a ciki, yawan kwalin da ya sayar shi ne cinikinsa. Da faifan CD ya zo, sai sayar da haƙƙin fim gaba ɗaya ga ɗan kasuwa ya zama ruwan dare. Ta ɓangaren waƙa kuwa, abin da aka saba gani a sutudiyoyin Titin Gidan Zoo shi ne furodusa ya biya makaɗi, ya biya mawaƙi da mawaƙiya kuɗin zaman ranar, a tura masa waƙar, kowa ya kama gabansa. Babu takarda, babu zancen wa ke da baitocin, babu zancen abin da zai faru idan bayan shekara ashirin aka ɗora waƙar a YouTube ta fara kawo dala.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai fasaha abin kare kansa. Haƙƙi yana tabbata da zarar an rubuta aiki ko an ɗauke shi, ba sai an yi rajista ba. Miƙa haƙƙi, ko lasisin da ya keɓanta ga mutum ɗaya, ba ya inganta sai a rubuce. Ana kuma iya taƙaita shi ga wani amfani, ko wata ƙasa, ko wani wa'adi. Baitoci da kari suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, fim da muryar da aka ɗauka kuwa shekara 50 daga fitowarsu. A wannan lissafi, waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suna da kariya har ƙarshen 2069, na Musa Ɗanƙwairo har 2061, na Ɗanmaraya Jos har 2085. Kiran su waƙoƙin gargajiya bai mayar da su kayan kowa ba, kamar yadda bai mayar da Mbube ba.

A nan ya kamata a raba lasisi biyu da ake yawan haɗawa. Takardar da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ke bayarwa izinin hukuma ce na yin sana'a ko fitar da fim. Ba ta mallaka wa kowa labarin wani, ba ta halatta wankiyar fim ɗin Indiya ko ɗora masa muryar Hausa ba da yardar masu shi ba. Wannan yardar mai aikin kaɗai ke bayar da ita. Masana'antar da ke son a girmama haƙƙinta dole ta girmama na wasu, domin a kasuwar duniya ba a sayen fim sai an ga takardun da ke nuna asalin labarinsa da kiɗansa.

Hujjar masu sayarwa

Masu goyon bayan sayarwa kai tsaye suna da abin faɗa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Ɗan kasuwa ne ke zuba jari, shi ke kwana da asara in fim bai karɓu ba, kuma fina-finan da ba su mayar da uwar kuɗi ba sun fi waɗanda suka yi fice yawa. Mawaƙin da ke da kuɗin haya a wuyansa ya fi son abin da zai riƙe yau. A zamanin kaset ma babu hanyar ƙirga abin da aka kwafa, don haka alkawarin kaso magana ce kawai. Ƙungiyoyin karɓar kaso su ma ba su ba da ƙwarin gwiwa ba, domin an daɗe ana ja-in-ja tsakanin MCSN da COSON a kan wa ke da ikon karɓa, har Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta dakatar da lasisin COSON a 2018.

Amma ginshiƙin wannan hujja, wato rashin ƙirga, ya raunana. YouTube da sauran dandalin kallo da saurare suna ƙirga kowane kallo, suna nuna ƙasar da aka kalla da abin da ya shigo. Shi kuma mai jari ba ya buƙatar mallakar aiki har abada kafin ya fanshe kuɗinsa. Lasisin shekara biyar ko bakwai da ya keɓanta gare shi, haɗe da kuɗin hannu ga mai fasaha da kaso bayan an cire jari, ya kare kowane ɓangare. Ga mai shakka ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, ana iya cinikinta, kuma ba ya halatta a yi mata ta'adi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Saboda haka aikin da ke gaban ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN da ƙungiyoyin mawaƙa da marubuta a bayyane yake, kuma ba sai an jira majalisa ba. Su samar da takardar yarjejeniya ta bai ɗaya, da Hausa, wadda ba ta wuce shafi biyu ba, mai amsa tambayoyi huɗu: wane amfani aka yarda a yi da aikin, a ina, har yaushe, kuma nawa ne rabon kowa. A sa mata sharaɗin da ke mayar da haƙƙi ga mai shi ko magadansa idan wa'adi ya cika. Magadan manyan makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya su tattara abin da iyayensu suka bari, su naɗa wakili ɗaya mai ba da izini da sunansu. 'Ya'yan Solomon Linda sun jira shekara 44 bayan rasuwar mahaifinsu kafin a rubuta sunansa a kan waƙarsa. Mawaƙin Hausa da zai shiga sutudiyo gobe ya nemi a rubuta nasa kafin ya buɗe baki.