Jelato a Fulorens: labarin da ake sayar wa baƙi da wanda takardu suka nuna

Yau Italiya za mu, birnin Fulorens, garin ƙungiyar Fiorentina ga masu bin ƙwallo. Batunmu jelato ne, wato askirim irin na Italiyawa. Kar ku raina maganar, akwai tarihi a ciki, kuma akwai damfara.

Idan ka shiga Fulorens, duk ɗan rakiyar baƙi zai ce maka a nan aka ƙirƙiro jelato. Sunan da za ka ji shi ne Bernardo Buontalenti, magini kuma mai shirya bukukuwa a fadar gidan Medici, wanda ya rasu a 1608. Wai shi ya haɗa madara da ƙwai da zuma ya daskarar don wata liyafar fada. Wani kuma zai ƙara da cewa Catherine de' Medici ce ta kai abin Faransa lokacin da aka kai ta aure a 1533. Labari ne mai daɗin ji, amma masu binciken tarihin abinci ba su samu takardar wancan zamani da ta tabbatar da shi ba. Na Catherine ma ya fi rauni, domin a shekarar aurenta dabarar daskarar da abin sha ba ta bazu a Turai ba.

Mece ce dabarar? Dusar ƙanƙara ita kaɗai tana sanyaya abu ne, ba ta daskarar da madara mai sukari. Sai an zuba mata gishiri sanyinta ke sauka ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Wani masani ɗan Napoli, Giambattista della Porta, ya bayyana irin wannan a littafinsa na 1589, da dusar ƙanƙara da gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Daga nan sai da aka kwashe kusan shekara ɗari kafin abin ya zauna a madafa. A Napoli ɗin dai, Antonio Latini ya fitar da littafin girki tsakanin 1692 da 1694, da bayanin yadda ake yin sorbetto, har da na madara. A Faris kuma wani ɗan tsibirin Sisili, Procopio, ya buɗe shagon Procope a 1686 yana sayar wa jama'ar gari. Kun ga ke nan, takardu kudu suke nunawa. Ita kanta kalmar sorbetto daga sherbet na Turkanci ta fito, tushenta Larabci, dangin sharab, abin sha.

Ba wai Fulorens ba ta da rabo ba. A lambun Boboli, bayan fadar Pitti, har yau akwai rumbunan ƙanƙara na gidan Medici. Da hunturu ake tara ta, a danne, a rufe da ciyawa, ta kai bazara. Ku yi tunanin wahalar. Abin da aka yi da irin wannan ƙanƙara ba ya kwana: kaɗan ake yi, a sha a ranar. Inji ya zo daga baya, Otello Cattabriga ya ƙera nasa a Bolonya a 1927, kamfanin Carpigiani ya biyo a 1946, amma jelato na ƙwarai bai bar wannan ɗabi'a ba. Madara ta fi kirim yawa a cikinsa, iskar da ake kaɗawa ciki kaɗan ce, kuma ba a ajiye shi da sanyi mai tsanani kamar askirim na kwali. Shi ya sa yake da nauyi a cokali, ɗanɗanon kuma ya fito nan take.

To a nan tarihin ke yi wa matafiyi amfani. Kusa da gadar Ponte Vecchio da babbar majami'ar Duomo, shaguna ne jere, kowanne ya rubuta artigianale, wato aikin hannu. Babu dokar ƙasa da ta fayyace abin da kalmar ke nufi a kan jelato, don haka wanda ya kwaɓa garin kamfani da ruwa shi ma yana iya liƙa ta. Idonka ne alƙali. In ka ga an tula shi kamar dalar gyaɗa ya zarce bakin mazubi, an yi masa ado da 'ya'yan itace, ka wuce abinka. Abu mai laushi irin wannan ba ya tsayuwa haka sai an cika masa iska da sinadaran riƙewa. Masu yin na gaske sau da yawa a tukwanen ƙarfe masu murfi suke ajiye shi, ba ka ma ganinsa sai an buɗe. Sai launi. Na fistashiyo kore ne mai duhu-duhu da ya karkata ga ruwan ƙasa, na ayaba kuma fari ne mai ratsin toka, don cikin ayaba ake sa wa ba ɓawonta ba. Kore shar ko rawaya mai ɗaukar ido rini ne. Kuma ka tambayi kuɗi kafin a ɗeba, musamman a titunan da baƙi suka yi yawa.

Wani abu da ya shafi da yawanmu: akwai nau'o'in da ake sa wa giya, kamar zabaione da malaga. Ka tambaya kai tsaye, kalmar ita ce alcol.

Ina za a je? Vivoli, a wani lungu kusa da majami'ar Santa Croce, ya faro ne a matsayin shagon madara wajen 1930. Perché No!, ma'ana “me zai hana”, yana tsakiyar gari tun 1939. Wanda kuma ke son ɗanɗana almarar da bakinsa sai ya fita daga cunkoso ya nufi unguwar filin wasan Fiorentina, shagon Badiani. Su ke da nau'in da aka raɗa wa suna Buontalenti, farin kirim mai kauri ba wani ado. A ƙarni na 20 aka haɗa shi, fiye da shekara 300 bayan rasuwar mai sunan.