Takardun da Aka Binne a Warso

 A littafin Irmiya sura 32 mun karanta yadda annabin ya sayi gona a Anatot, alhali sojojin Babila suna kewaye da Urushalima. Ya umarci Baruk ya ajiye takardun cinikin cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Yau za mu ga yadda Yahudawa suka sāke yin irin wannan abu a zamanin Hitila.

Jamus ta mamaye ƙasar Folan a 1939. A watan Nuwamba 1940 sai 'yan Nazi suka kulle Yahudawa fiye da 400,000 a wata unguwa ta birnin Warso, suka kewaye ta da katanga. Yunwa da zazzaɓin taifus suka kashe dubban mutane. Duk da haka iyaye suka riƙa koyar da yara a ɓoye, jama'a kuma suna taruwa yin addu'a a ɗakuna.

A cikinsu akwai wani masanin tarihi, Emanuel Ringelblum. Ya tara malamai da marubuta da shugabannin addini, suka sa wa ƙungiyarsu suna Oneg Shabbat, wato murnar Asabar, gama ran Asabar suke haɗuwa. Aikinsu shi ne tattara shaida: wasiƙu, katin rabon abinci, rubutun 'yan makaranta, da labarin waɗanda suka tsere daga wuraren kisa. Sun sani idan aka kama su, mutuwa ce. Amma ba su yarda maƙiyi kaɗai ya ba da labarinsu ba.

Daga Yuli 1942 aka fara kwashe mutanen unguwar zuwa Treblinka, inda aka hallaka fiye da 250,000. A watan Agusta ƙungiyar ta binne akwatunan ƙarfe 10 a ƙarƙashin wata makaranta, a farkon 1943 kuma ta binne manyan gwangwanayen madara 2. Ran 19 ga Afrilu 1943, jajiberin Idin Ƙetarewa, samarin da suka rage suka tashi yaƙi da 'yan makamai kaɗan, suka yi kusan wata guda kafin a ƙone unguwar. An kashe Ringelblum a 1944. Mutum 3 ne kawai cikin ƙungiyar suka tsira.

Bayan yaƙi aka tono akwatunan a 1946, gwangwanayen kuma a 1950. Takardun suna nan a Warso, ana karanta su har yau.

'Yan'uwa, kisan nan da baki ya fara, lokacin da aka riƙa kiran wata al'umma annoba, maƙwabta da yawa kuma suka yi shiru. Kada irin wannan magana ta sami wurin zama a gidajenmu, ko a kan Bayahude ko a kan wata kabila. Mu kuma koya wa 'ya'yanmu harshen iyayensu, mu rubuta abin da tsofaffinmu suka gani tun suna da rai. Allah ya kiyaye mu, amin.